Ba Su Ci Zaɓe Ba, Amma Sun Raba Ni Da Matata

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi.

Ni dattijo ne, na haura shekara saba'in, kuma fiye da rabin rayuwata a birnin Alƙahira na yi ta. A lokacin da wannan abu ya faru, in ka sauka unguwar Abbasiya ka tambayi ɗaliban Hausawa wa ya san siyasar duniya a cikin mutanenmu, wurina za su kawo ka. Ba wani ilimi gare ni ba. Bokona bai wuce firamare ba. Karatun addini ne ya kawo ni Masar ina saurayi, na yi 'yan shekaru ina fama, Larabcin littafi ya gagare ni, na ajiye. Kunyar komawa ƙauyenmu na ƙasar Kano ba takarda ta zaunar da ni, na zama ɗan rakiyar fatake a kasuwar Ataba: in tarbi alhazai da hajiyoyi masu sarin kaya, in yi musu tafinta, in nuna musu shagon da ba a cuta. Amma kafin in bar gida na taɓa siyasa. A mulkin farar hula na wancan zamani, ni ne wakilin jam'iyyarmu a rumfar zaɓen unguwarmu. Na ga yadda ake ci, na ga yadda ake faɗuwa, kuma tun daga nan na ɗauka babu zaɓen da zai ɓoye mini fuskarsa a bayan ƙasa.

Akwai wani shagon shayi kusa da gidanmu, irin wanda Masarawa ke kira ahwa. Kullum bayan la'asar ina da kujerata a nan, ta jikin bango, mai kallon talabijin. Ɗalibai su zagaye ni, wani lokaci har da fataken da suka gama sari. Da safe na riga na saurari gidajen rediyon waje masu sashen Hausa, na kalli labaran Larabci, sai in zo in warware musu. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma ba na gajiya da maimaita ta: jam'iyyar da ba ta da gwamna, ba ta da attajiri a bayanta, ba ta da mutum a kowace rumfa, to surutu kawai take yi, ranar zaɓe za ta sha ƙasa. Sau da yawa abin da na faɗa a kan zaɓen gida yakan tabbata, wannan ya ƙara kumbura mini kai. Mutum ɗaya ne ba ya raga mini, wani abokina Badamagare da muka tsufa tare a unguwar. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Shi ya sa mini suna Shugaban Hukumar Zaɓe, yakan ce Bakano ko lahira aka kai shi sai ya tambayi wa ke riƙe da akwati.

Matata 'yar ƙauyenmu ce, na je gida na auro ta na kawo ta nan. Mun haifi 'ya'ya, Allah ya karɓi abinsa, ya bar mana ɗaya, mace, kuma ita ce ta fari. Duk da a Masar aka haife ta, na riƙe al'adar gida: ba na kiran sunanta, ba na zama in yi doguwar hira da ita. Uwar ta sassauta tata kunyar don ba ta da wata 'yar, sai ta zama ita ce hanyar da magana ke bi tsakanina da yarinyar. Yarinyar ta yi karatun haɗa magunguna, ta auri wani likita ɗan ƙasarmu da ya yi karatu a nan, aiki ya kai su wata ƙasa ta Turai mai sanyi wadda ba zan ambaci sunanta ba. Suka zauna, suka haihu, har suka zama 'yan ƙasa. Da ciwon ƙoda ya kama matata, ya kai ga sai ana yi mata wanki da na'ura, 'yar ta tsaya tsayin daka ta ɗauke ta zuwa can. A lokacin dokar ƙasar ta yarda ɗa ya kawo iyayensa tsofaffi in shi ke ɗauke da nauyinsu. An so a haɗa mu tare, na ce a fara da mara lafiya, ni zan kintsa harkokina in biyo baya cikin 'yan watanni.

Ranar da za ta tafi ba ta yi kuka ba. Ta wuni tana nuna mini inda ta ajiye kuka da daddawa, tana koya mini yadda ake kaɗa miya kada ta yi gudaji, tana dariya wai shekara da shekaru ina warware rikicin ƙasashe amma ban san sai ruwa ya tafasa ake zuba gari ba. A filin jirgi, tana kan keken marasa lafiya, ta ce in dubi Allah kada in daɗe, ita ba ta saba cin abinci ba ta ji tarina a ɗaya ɗakin ba. Na ce khalas, wato shi ke nan, kamar gobe ne.

Ba ta daɗe da sauka ba saƙonni suka fara zuwa. Kullum in mun yi waya, bayan gaisuwa da tambayar jiki, sai ta ce yarinyar nan ta ce a gaya mini. Wai akwai wata jam'iyya a can da ke ta ƙara ƙarfi, irin waɗanda rediyo ke kira masu ƙyamar baƙi. Da can ana yi musu kallon 'yan tsiraru masu ihu a bakin titi, yanzu kuwa shugabansu ya iya murmushi, yana magana a kan tsadar haya da layin asibiti, yana cewa baƙi ne suka jawo, musamman tsofaffin da ake kwasowa. Wai ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wadda ake tambayar mutane wa za su zaɓa tun kafin zaɓe, tana nuna suna hawa. Amma ba wannan ya fi damun 'yata ba, sai abin da take gani da idonta. Wata tsohuwa da ta daɗe tana karɓar magani a hannunta, har takan kawo wa jikokina alewa, ran nan ta tsaya a layi ta ce ita Baturiya take so ta sallame ta. Maƙwabcin da ke taya su kwashe ƙanƙara a ƙofar gida ya liƙa hoton jam'iyyar a tagarsa, kuma bai daina gaishe su ba, har ya ce wa surukina ai ba da irinsu ake ba. Maganganun da a da sai a ɓoye ake yin su, yanzu a cikin bas ake yi, ba mai tsawatarwa. Saboda haka tana roƙo in fara shirin tahowa tun dokar na nan yadda take.

Ni kuwa dariya abin ya ba ni. Na ce wa matata ta tambayo mini ita: jam'iyyar nan gwamna nawa gare ta? Wane attajiri ke riƙe da ita? 'Yan sanda nata ne? Amsa ta dawo cewa ba ko ɗaya, kuma a ƙasar ba haka ake yi ba. Na ce siyasa ko'ina ɗaya ce, fatar masu yin ta ce kawai ta bambanta. Batun tambayar ra'ayi kuwa, na ce ni na ga mutumin da ya yi rantsuwa mu zai zaɓa, ya shiga rumfa ya dangwala wa wasu, balle wanda aka tambaya ta waya yana shan shayi. Na ce ta gaya wa yarinyar nan ta kula da ƙwayoyin maganinta, ta bar siyasa ga waɗanda suka sha rana a bakin akwati. Surukina ma ya kira, cikin ladabi, ya ce ko da abin ba zai faru ba, me za a rasa in an fara yanzu? Na ce masa ya tsaya a kan allurarsa.

Yau da nake rubuta wannan, ba zan ɓoye abin da na ɓoye wa kaina a lokacin ba. Ba don na yarda da lissafina kaɗai na ƙi tafiya ba. Tsoro nake ji. Matata takan juya mini wayar in ga titinsu fes ba kowa, in ga wani tsoho a tagar gidan da ke kallonsu, zaune shi kaɗai da kare. Sai in tambayi kaina, in na je can ni wane ne? A Ataba in na ratsa, masu shaguna na ɗaga hannu suna ya hajji, ya hajji. A ahwa in na yi gyaran murya sai a yi shiru. A can kuwa zan zama tsohon da ba ya jin yaren gari, mai zaman gidan suruki, wanda jikokinsa ke yi wa tafinta, ni da na ci abinci da tafinta duk rayuwata. Wannan tsoro na naɗe a cikin rigar sanin siyasa. Na ce sai bayan azumi, don lokacin sarin kayan Sallah ne. Azumi ya wuce na ce sai sanyinsu ya yi sauƙi. Sanyi ya wuce na ce bari in sabunta iƙamata, wato takardar izinin zamana ta nan, tukuna.

Ana haka har zaɓensu ya matso. Wata rana da la'asar ina kan kujerata, majalisa ta cika, sai waya ta yi ƙara. Na ɗauka matata ce. Kunnena ya yi nauyi, don haka na saba buɗe muryar waya kowa na ji, kuma haka na yi. Ashe 'yata ce da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in yafe mata, ta san ba tarbiyyar da na yi mata ke nan ba, amma uwarta ta gaji da ɗaukar saƙo. Ta ce ni ina ta lissafin ko za su ci ko ba za su ci ba, alhali ba sai sun ci ba. Manyan jam'iyyun sun tsorata da yadda mutane ke guduwa wurinsu, sun fara ɗaukar maganganunsu ɗaya bayan ɗaya suna mayarwa nasu. Duk wanda ya hau, ƙofar nan sai ya rufe ta, don ya nuna wa jama'a shi ma ya ji kukansu. Ta ce Ummanta ba ta cin abinci sosai, wuni take a bakin taga. Sannan ta ce ita ba ta taɓa roƙona komai ba tun tana yarinya, amma yau tana roƙona.

Da a ɗaki nake ni kaɗai, wataƙila da na sauko. Amma idanu na kaina. Ɗalibai sun sunkuyar da kai, wani yana wasa da cokalin shayi, kuma na ga kamar duk abin da na gina a wurin nan zai rushe in aka ce 'yar cikina ta koya mini siyasa a gaban jama'a. Na ce mata na ji, ta gaida yara, na kashe. Sannan na juya ga majalisa na yi alkawarin da har yau yake ƙona ni. Na ce ba zan ɗaga ƙafata daga Alƙahira ba sai an yi zaɓen nan kowa ya gani, kuma in jam'iyyar nan ta kafa gwamnati, a kawo aska a aske mini gemu a kan wannan kujerar. Aka yi dariya, aka tafa. Abokina Badamagare ne kaɗai bai yi ba. Da muka tashi zuwa masallaci ya riƙe mini hannun riga a hanya, ya ce yau ba wasa zai yi mini ba. Ya ce kujerar da nake taƙama da ita ta mai ahwa ce, ranar da na mutu kafin a yi mini sallah wani ya zauna a kai. Ya ce shi ya binne matarsa a ƙasar nan, ya san yadda ɗaki ke yi wa mutum in ba kowa a ciki, ni kuwa tawa tana da rai ina jan ƙafa. Na ce masa Damagarawa dama ba a san su da haƙuri ba. Ya sake ni, bai ƙara tayar da maganar ba.

Aka yi zaɓe. Washegari muka taru a gaban talabijin. Jam'iyyar ta samu kujeru fiye da yadda ta taɓa samu, amma ba ta zo ta ɗaya ba, kuma sauran jam'iyyu suka ce ba mai haɗa gwamnati da ita. Gemuna ya tsira. Ɗalibai suka yi ta kabbara, wani ya ce ai ni ya kamata a riƙa kira a rediyo. Na sa aka zagaya wa kowa da shayi. Ina komawa gida na kira matata, ban ko tambaye ta jiki ba na ce to, ina masu tayar mana da hankali? Ita kuwa sai ta tambaye ni ko na ci abinci.

Ko bayan wannan ban yi sauri ba, na ga kamar in na yi gaggawa za a ce tsoro ne. Sai da na ja makonni ina karɓar gaisuwa, sannan na fara shiri a hankali. Su kuwa a can, jam'iyyun da suka haɗu suka kafa gwamnati, abin da suka fara taɓawa shi ne dokar shigo da dangi, daidai yadda 'yata ta faɗa. Ranar da na je ofishin da ke karɓar masu neman izinin shiga ƙasar, na sa babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wata Bamasariya ce a bayan gilashi. Ta duba takarduna, ta sake dubawa, ta kira wani, sannan ta ce ma'alish ya hajji, wato in yi haƙuri, wannan hanyar an rufe ta. Waɗanda suka nema kafin canjin za a duba musu da tsohuwar doka, amma ni sabo ne. Na ce mata matata na can, ba ta da lafiya. Ta ce ta gani, kuma wallahi ba ita ta yi dokar ba. Na fito na tsaya a bakin titi motoci na wucewa, na rasa ta ina tashar jirgin ƙasa na metiro take, ni da nake nuna wa baƙi hanya a garin nan.

Ba abin da ba mu gwada ba. Surukina ya ɗauki lauya. Aka ce akwai hanyar da miji ke bin matarsa, amma sabuwar doka ta ce sai matar na da aikin da za ta riƙe shi da shi, kuma sai ya ci jarrabawar yarensu tun daga nan. Macen da ke kwance a jikin na'ura ina ita ina aiki? Duk da haka na shiga ajin koyon yaren a Wustul Balad, can tsakiyar birni, na zauna cikin waɗanda na yi jika da su, ina murɗa harshe suna danne dariya. Na zauna jarrabawa na faɗi, na sake na faɗi. Muka nemi izinin ziyara kawai, in je in gan ta in dawo. Aka hana, wai ba su gamsu zan dawo ba. A duk tsawon wannan wahala 'yata ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba. Ta koma yadda muke a da, saƙo ta bakin uwarta, gaisuwa da ladabi. Da gori ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya sa na fahimci maganarta har cikin ƙashina, a nan Alƙahira ya same ni. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan mutanensu suka kwararo garin nan, haya ta tashi. Na fara jin ƙorafi a bakin mai gadin benenmu da mai kayan miya. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa cewa a majalisa sun yi yawa, na manta a cikinsu har da Hausawa 'yan uwanmu, na manta ni ma da jaka ɗaya na sauka. Ran nan ina cikin ƙaramar motar haya daga Ataba, wani mutum ya dube ni ya ce mun cinye musu ƙasa, me ya hana mu koma garinmu. Ya zaci ɗan Sudan ne ni. Maganarsa ba ta dame ni ba, don mara kunya ba inda babu shi. Shirun motar ne ya dame ni. Na san garin nan. Da a shekarun baya ne, kafin ya rufe baki mutane sun taso masa, sun ce ya ji kunya, wannan sa'an ubansa ne, kuma baƙo ne. Ranar kowa ya kalli taga. Sai da zan sauka wata tsohuwa ta ce mini ma'alish a hankali, kamar mai tsoron a ji ta. Masarawa sun yi mini alherin da ba zan manta ba, kuma har gobe akwai masu yi. Amma a motar nan ba jam'iyya, ba gwamna, ba akwati, kuma ga shi abu ya canja. Shi 'yata take gani a shagon magani, ni ina nan ina tambayar gwamnoni.

Daga nan na daina warware siyasa. Ba wanda ya kore ni daga kujerar, majalisar ce ta watse da kanta. Ɗaliban da suka tafa mini sun gama karatu sun koma gida, sababbin kuwa kowa labarinsa na cikin wayarsa, sai su gaishe ni da ladabi su wuce. Abokina Badamagare 'ya'yansa suka zo suka ɗauke shi, ya bi su ba gardama. Da muke sallama ya ce shi ba Bakano ba ne, in an kira shi yana amsawa, sannan ya rungume ni muka yi kuka kamar yara. Ƙafafuna sun daina ɗaukar zagayen Ataba, yanzu wuni nake a gida. A tsaye nake cin abinci a kicin, don ban ga amfanin shimfiɗa tabarma ba. Hijabin matata na sallah na nan rataye a bayan ƙofa. Wani lokaci sai in yi magana da ƙarfi don kawai in ji ko muryata na nan. Ranar Juma'a ce ta fi tsawo, in an sauko daga masallaci kowa ya nufi gidan da ake jiransa.

A bara ne aka zo wurin da ya fi ko'ina wuya. Matata ta kira ni ta ce ta yanke shawara, za ta dawo. Ta ce ta gaji da ƙasar da ba ta jin kiran sallah, ta gaji da ganin mijinta a cikin gilashin waya yana ramewa yana cewa lafiya lau. Ai a Masar ma akwai na'urar, in kuma kwana ya ƙare gara ya ƙare a ɗakinta. Ya Edita, ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Na tashi na share gida, na wanke labule, har na gaya wa mai gadi hajiya na nan tafe. Ba a jima ba 'yata ta sake kirana da kanta. Wannan karon a ɗaki nake, kuma na saurara. Ta ce ciwon uwarta ya taɓa zuciya, likitocin da ke duba ta sun ce doguwar tafiya da canjin hannu na iya zama ajalinta. Kuma in ta fita ta daɗe, izinin zamanta ya faɗi, da dokar yanzu ba mai sake shigar da ita. Ta ce ta yi magana, mijinta ya yi, Umma ta ce ba mai iko da ita sai wanda ya aure ta. Saboda haka maganar tana hannuna.

Na yi alwala, na yi sallah, na zauna ina kallon labulen da na wanke. A ranar na kira matata. Na ce mata tun da muka yi aure ban taɓa hana ta wani abu mai girma ba, amma yau ban yarda ba, ban ba ta izinin barin ƙasar nan ba, ta zauna inda ake kula da ita. Ta tambaye ni ko na san abin da nake faɗa, ko na san wataƙila shi ke nan, ba za mu sake zama a tabarma ɗaya ba. Na ce na sani. Ina jin ƙarar na'urar a bayanta. Sannan ta ce to Malam, ta ji, ta bi. Ta ƙara da cewa ashe na iya yanke magana a wuni ɗaya. Ba da faɗa ta faɗe ta ba, har da 'yar dariya.

Haka muke har yau. A ranakun da ake yi mata wanki nakan kira, a jingina mata wayar a gefen gado, in karanta mata abin da ya sauƙaƙa daga Alƙur'ani. Wani lokaci ta yi barci ina karatu, in ci gaba har mai jinya ta zo ta kashe. An ce wani zaɓen na tafe a can, kuma yanzu jam'iyyar nan ake hasashen za ta zo gaba, har 'yata da ta zama 'yar ƙasa ta fara tunanin makomar yaranta. Kwanan baya wani ɗalibi ya tambaye ni ko za su ci. Na ce masa Allah ne masani, ya tambayi waɗanda ke zaune a can.

Abin da na koya, da tsada na koye shi. Ni na ɗauka siyasa ita ce ranar zaɓe da wanda aka rantsar. Ashe tun kafin a buga takardar ƙuri'a take canjawa, a layin shago, a cikin mota, a irin maganar da mutane suka daina jin kunyar faɗa. Jam'iyya na iya faɗuwa zaɓe amma maganarta ta hau kujera. Ina kira ga 'yan uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, da masu iyali a can: kada ku ce yadda ake yi a garinku haka ake yi ko'ina. In wanda ke zaune a wuri ya ce muku fuskokin mutane sun canja, ku yarda da shi, ko da ɗan cikinku ne da ku kuka koya wa magana. In hanya na buɗe tsakaninku da iyalinku, ku bi ta yau, kada ku jira sakamako, don mu baƙi ba mu da ƙuri'a amma a kanmu take sauka. Dattawa irina kuma, in kun ji kuna kafewa a kan magana, ku binciki zuciyarku ko sani ne ko tsoro. Kunyar 'ya'ya al'ada ce mai kyau, amma kada ta hana gaskiya isowa kunnenku.

Ban rubuto don a tausaya mini ba, ni na jawo wa kaina. Roƙona ɗaya ne: duk wanda ya karanta ya sa baiwar Allah nan a addu'a, Allah ya sassauta mata, ya sa ta yafe mini har zuciya. In da rabon mu sake ganin juna ido da ido, Allah ya kawo sanadi. In babu, ya haɗa mu inda ba a tambayar kowa daga wace ƙasa ya fito.

Naku, wani dattijo daga Abbasiya, Alƙahira.